Kakar Yuyan Ta Ƙi Sa Hannu

Duk wanda ɗansa ya yi ƙaramar sakandaren da ke bayan tashar mota, a wani gari na lardin Henan a ƙasar Sin, ya san Geng Sulan ko da bai san sunanta ba. Ita ce tsohuwar nan da ke gasa dankali a cikin duro a bakin ƙofar makaranta, gajeriya mai faɗin kafaɗa, hannuwanta baƙi ƙirin da gawayi, muryarta kuwa ko injin niƙa bai isa ya danne ta ba. Ba a cika ganin haƙoranta ba. In ta miƙo maka dankali sai ka ɗauka faɗa take yi da kai, alhali mafi zaƙin ta zaɓo maka.

A ƙauye aka haife ta, lokacin da gonaki suke hannun ƙungiyar noman gama-kai ta gwamnati. Ba ta daɗe a makaranta ba ubanta ya cire ta, ya ce hannunta ya fi amfani a gonar alkama. Malaminsu ya zo har gida yana roƙo, uban ya ba shi ruwan zafi ya raka shi bakin hanya. Ta auri wani mai aikin gasa bulo, tari ya kashe shi tun bai yi furfura ba, ya bar ta da ɗa guda, Baoshan. Da Baoshan ya girma ya yi aure, shi da matarsa suka tafi kudu aikin kamfanin takalma, suka ajiye mata jaririyarsu Yuyan ko rarrafe ba ta fara ba. Sau ɗaya suke zuwa a shekara, lokacin bikin sabuwar shekara, da jakunkunan alewa da tufafin da kullum sai sun yi wa yarinyar kaɗan.

Da Yuyan ta kai ƙaramar sakandare, ta ƙauyensu an riga an rufe ta saboda ƙarancin yara. Geng Sulan ta bar wa ƙanen mijinta gonar, ta kama ɗaki guda a gari kusa da makaranta, ta sayi duro da gawayi. Haka ta zama mai dankali.

A shekarar ƙarshe akwai jarrabawar da ke jiran yara a watan Yuni, wadda ke raba su gida biyu: masu wucewa babbar sakandare, da waɗanda za a tura koyon sana'a. Yuyan tana taɓukawa a lissafi da harshensu. Turanci ne ya ci mata tuwo a ƙwarya, musamman sashen da ake ba da labari a karanta, sannan a jero tambayoyi, kowace da amsa huɗu a zaɓi ɗaya. Karatunta a hankali yake. Sai ta ɗora yatsa a ƙarƙashin kowace kalma tana motsa baki, in ta ci karo da wadda ba ta sani ba sai ta tsaya cik kamar jaki a bakin gada. Kafin ta kai rabi an kaɗa ƙararrawa.

Malamar Turancinsu, wata matashiya mai suna Malama Kuang, takan yage shafukan amsoshi daga bayan littafin gwaji ta ba iyaye, su duba wa yara aikinsu a gida. A nan ne Geng Sulan, wadda ko rubutun harshenta sai ta yi da gaske take haɗa shi, ta koyi harufan Turanci huɗu na amsoshi, A da B da C da D. Ta raɗa musu sunaye da kanta. Na farko tsani ne, na biyu burodi biyu a jere, na uku lauje, na huɗu tumbin ɗan kasuwa. Ranar Lahadi da rana sai ta wanke hannu, ta sa tabarau, ta ɗauki jan biro, ta zauna a bakin gado. Amma ba ta yarda ta duba amsa ba sai an gaya mata abin da labarin ya ƙunsa.

"Wannan me ya ce?"

"Wani yaro ne, Kaka, a ƙasar Turawa. Iyayensa ba su iya saya masa keke ba, sai yake zuwa makaranta a ƙasa, yana kallon tsuntsaye da furanni a hanya."

"Sai aka tambayi me?"

"Wai yaya yaron yake ji."

"Ke me kika ce?"

"Na ce ya gaji."

"Da gaskiyarki." Ta leƙa takardar amsa, ta ɓata fuska. "Su lauje suka ce. Me laujen yake nufi?"

"Wai yana cikin farin ciki."

"Farin cikin me? Yaro na taka sawu cikin sanyi 'yan'uwansa na wuce shi a kan keke, a ce yana murna? Wanda ya rubuta wannan a mota ake kai shi ko'ina, na rantse." Ta yi tsaki mai tsawo, amma duk da haka ta zana jan giciye a kan amsar jikarta. "To, tunda ƙaryar suke so, koma ki nemo mini inda ya faɗa. Nuna mini da yatsa."

Yuyan ta koma ta bi layi-layi, can a ƙarshe ta tarar da kalmar. Tun daga ranar ya zama doka a ɗakin: duk amsar da aka zaɓa sai an nuna wa Kaka gurbinta a cikin labarin, ko da yake Kaka ba ta ganin komai a wurin sai ƙafafun ƙuda. A hankali jajayen giciyen suka soma raguwa. Saurin ne dai bai zo ba.

Sanyi ya fara sauƙi sai aka aiko kiranta ofis. Malam Tong ne, mai kula da 'yan shekarar ƙarshe, mutum mai taushin murya da gashin da aka shafe da mai. Ya miƙe tsaye ya tarbe ta, ya zuba mata shayi da hannunsa.

"Kakar Yuyan, sannu da ƙoƙari, zauna mana. Yarinyar nan taki akwai ladabi, akwai tsabta, kowa yana yabonta."

"Na sani, ni na rene ta. Me ta yi?"

Ba ta yi komai ba, in ji shi. Sai dai ba kowane yaro aka yi don dogon karatu ba. Akwai wata makarantar koyon sana'a mai kyau, ana koyar da aikin otal da gyaran gashi da kula da tsofaffi, kuma yanzu take ɗauka, ba sai an zauna jarrabawa ba. Hannu kawai za ta sa. Ya tura mata takarda, ya ɗora biro a kai.

"Don me za a bar ta ta sha wahalar wata uku, sannan ta faɗi, zuciyarta ta karye?"

"Ta faɗi ne?"

"Ba ta faɗi ba tukuna, amma in kika dubi makinta na Turanci..."

"To ka bari ta faɗi tukuna, Malam."

Ta tashi ta bar masa shayinsa ko kurɓa ba ta yi ba. Da ta koma bakin duronta ta ba Tsoho Lu labari, mai dafaffiyar masara da ke kusa da ita, wanda ya fi shekara goma a wannan ƙofa. Ya yi dariya har yana tari.

"Yaya Geng, ke kaɗai kika rage ba ki san wasan ba. Kowace shekara haka ake yi. A kwashe na ƙasa-ƙasa kafin jarrabawa, in sakamako ya fito sai a ce kusan duk wanda ya zauna daga makarantar nan ya ci. Kamar ke ce ki ɓoye ruɓaɓɓen dankali ranar da masu duba kasuwa za su zo."

"Jikata ce ruɓaɓɓen?"

"Ni ban ce ba. Gaya miki nake yadda suke gani."

Ranar duk wanda ya sayi dankali a wurinta ya sha harara.

Ta ɗauka maganar ta mutu. Ashe washegari aka kwashe yaran da aka kira iyayensu, aka kai su wani ɗaki kusa da sito, aka liƙa takarda a ƙofa cewa ajin kulawa ta musamman ne. Malami ba ya shiga sai dai ya leƙo ya ce a yi shiru. Sababbin takardun gwaji da ake rabawa kowane mako ba sa kaiwa can. Yuyan ta ɓoye wa kakarta, ta riƙa sake yin tsofaffin labarai tana kawo mata. Sai da tsohuwar ta ji an sake ba ta labarin yaro marar keke sannan ta cire tabarau ta dube ta.

"Wannan yaron har yanzu bai isa makarantar ba? Ina sababbin?"

Yarinyar ta sunkuyar da kai, hawaye suka ɗiga a kan takarda, magana ta fito.

Kafin Geng Sulan ta gama haɗiye wannan, wayarta ta yi ƙara. Baoshan ne daga kudu, ana jin rurin injuna a bayansa. Malam Tong ya kira shi, ya yi masa bayani tiryan-tiryan.

"Inna, ki sa hannun kawai. Malamai sun fi mu sanin abin nan. In ta koyi sana'a ai shekara uku ta fara tsayawa da ƙafarta."

"Sun fi ka sani dai. Baoshan, kai da kake ɗinka takalma dare da rana, gaya mini lambar takalmin 'yarka."

Baoshan ya fara kame-kame, ta katse shi.

"Ba ka sani ba. Mutum ya kira ka da murya mai daɗi na minti biyar, ka miƙa masa 'yarka. Ni aka cire daga aji don alkama, har yau in na shiga asibiti sai na roƙi yaron wani ya karanta mini allon ƙofa. Ba za a cire wannan don a gyara wa wani suna ba. Koma bakin injinka."

Ta kashe wayar. Ta san ta soke shi a inda yake ciwo, ta kuma san ba don son ransa ya yi nisa da 'yarsa ba, amma ba ta sake kiransa ba.

Ranar Asabar aka yi taron iyaye a babban ɗakin makaranta. Ba a gayyaci iyayen 'yan ajin sito ba. Ta bar wa Tsoho Lu duron, ta shiga da rigar aikinta mai toka, ta zauna a tsakiya. Malam Tong yana kan dandamali yana nuna zane-zane a allo, yana bayanin yadda makarantar za ta zarce ta bara. Tana ji har ya kai inda ya ce ba za su bar ko yaro ɗaya a baya ba. Sai ta miƙe.

"Malam, ban da waɗanda ke kusa da sito, ko har da su?"

Malam Tong ya juyo daga allo.

"Kakar Yuyan, in an tashi sai mu..."

"A nan zan faɗa. Kun ɗauki yara kun zuba su a ɗakin tsintsiya, babu malami, babu takarda, don iyayensu su gaji su sa hannu. Jikata a hankali take karanta Turanci, na yarda. Laifi ne? Tun farkon shekarar karatu take fama, kullum tana ƙara gaba, ni nake duba mata na sani. Gwamnati ta ce kowane yaro ya zauna jarrabawa, wa ya ba ka iko ka yi mata jarrabawar a ofishinka, ka ba ta sakamako tun ba ta riƙe biro ba?"

Wata mata mai doguwar riga ta ulu ta juyo daga layin gaba. "Baba, don Allah ki bar mu mu ji abin da ya kawo mu. Gaskiya in ana jiran masu jan ƙafa, namu yaran ne suke cutuwa."

"Taki 'yar da saurinta aka haife ta, ko malami kika ɗaukar mata a gida? Tawa ni ce malamarta, mai dankali. Duk da haka ba kujerar taki ta nema ba, tata ta nema."

Wasu suka yi dariya, wasu suka dubi ƙasa. Malama Kuang tana zaune a gefen dandamali, fuskarta ta yi ja, ba ta ɗago ba. Malam Tong ya gyara murya ya ce ba a tilasta wa kowa ba, shawara ce kurum aka bayar don amfanin yara.

"To na ji shawara, na ƙi. Ranar Litinin a mai da ita ajinta. In ba haka ba zan tura durona ƙofar ofishin ilimi, duk wanda ya sayi dankali in ba shi labarin nan kyauta."

Ranar Litinin aka mai da Yuyan aji, a kujerar ƙarshe kusa da kwandon shara. Ranar Talata masu gadi suka zo suka ce duron dankali yana haddasa cunkoso a bakin ƙofa. Tukunyar masarar Tsoho Lu ba ta haddasa komai ba. Geng Sulan ta zage su tas, ta zagi wanda ya aiko su, sannan ta tura kayanta zuwa ƙarƙashin gada, inda iska ke kaɗawa, masu wucewa kuma ba su cika tsayawa ba.

Wannan bai ƙona mata rai kamar abin da ta tarar a gida ba. Yuyan ta ƙi cin abinci, ta juya wa bango fuska.

"Kin san abin da suke kirana yanzu? Jikar dankali. In malami ya tambaye ni na yi shiru sai wani ya ce a kira kakarta. Ke kin yi faɗanki kin fita, Kaka, ni ce nake zama a cikinsu!"

Tsohuwar ta buɗe baki za ta yi tsawa, sai ta rufe. Sai a lokacin ta tuna ba ta taɓa tambayar yarinyar abin da take so ba, ita ma kamar sauran. Ta zauna a bakin gado ta daɗe tana kallon tafin hannunta.

"To gaya mini. In sana'ar kike so, gobe zan je in sa masa hannu, in haɗiye duk abin da na faɗa. Ba kunya a gyaran gashi."

Yuyan ta share ido da hannun riga.

"Ina so in zauna jarrabawar," ta ce, ba ta juyo ba. "In zan faɗi, in faɗi da hannuna."

"To tashi ki ci abinci."

Bayan kwana biyu Malama Kuang ta zo ƙarƙashin gada, tana waige-waige, ta ce a ba ta dankali ɗaya. Ta ajiye ƙunshin takardu a gefen duro, duk gwaje-gwajen da suka wuce Yuyan ne da amsoshinsu.

"Ki ce mata ta fara karanta tambayoyin kafin labarin. Kalmar da ba ta sani ba kuma ta tsallake, ma'anar takan fito a gaba. Tana fahimta, tsoro ne yake tsayar da ita."

"Kin san haka, kina zaune ranar ba ki ce uffan ba."

"Baba, ni ma da makinsu ake auna ni. Ban daɗe da samun aikin ba."

"Na ji. Ita kuma shekararta sha biyar, ita aka bari ta ɗauki nauyin."

Ta zaɓo mata dankali mai kyau, ta karɓi kuɗinta cas, ba ta ce na gode ba. Amma takardun ta cusa su cikin rigarta don kada toka ta taɓa su.

Daga cikin iyayen 'yan ajin sito mutum ɗaya ne kawai ya fasa sa hannu bayan taron. Sauran suka sa hannu, yaran suka kwashe littattafansu kafin alkama ta nuna, har da ƙawar Yuyan da suke tafiya tare kullum. Yuyan ta ci gaba da fama. Tsallake kalma ya fi komai yi mata wuya, sai kakar ta riƙa tsayawa a kanta, da ta ga yatsan ya tsaya sai ta buga cokali a kan tebur ta ce, "Wuce! Ba danginki ba ne, ba sai kin gaishe shi ba."

Aka yi jarrabawa cikin zafin Yuni. Da Yuyan ta fito daga ta Turanci ta ce labari na ƙarshe ko rabinsa ba ta kai ba, amma sauran ta gama su, kuma ta san inda kowace amsa take. Sakamako ya fito, ba ta samu babbar sakandaren da kowa ke rububi ba, ko kusa. Ta samu wata ƙarama a bakin gari, kusa da masana'antar siminti, da ƙyar ta haye layin. Baoshan ya kira yana kuka. Geng Sulan ta ce ya share hancinsa ya aiko wa 'yarsa takalmi, ta gaya masa lambar.

Ranar da suka je karɓar takardun kammalawa suka tarar an rataya jan ƙyalle tun daga saman ƙofa har ƙasa, an rubuta sunayen waɗanda suka ci da ruwan zinariya, a sama an ce wannan sakamakon jajircewar malamai ne. Yuyan ta nuna wa kakarta nata sunan, can kusa da ƙasa. Malam Tong yana tsaye a gindin ƙyallen yana gaisawa da iyaye. Da ya hango su sai ya taho da fara'a, hannu a miƙe.

"Kakar Yuyan, barka, barka! Kin gani ko? Wani lokaci sai an ɗan matsa wa yaro yake farkawa. Da ba mu girgiza ta ba, da ba ta kai nan ba."

Geng Sulan ta dubi hannun ba ta karɓa ba. 

"Ka cire sunanta daga ƙyallen nan."

"Haba, ai abin alfahari ne."

"Na wa? Ka jefar da ita, ta rarrafo da kanta, yanzu ka ɗauke ta ka rataya a ƙofarka kana karɓar barka. Ina sunayen waɗanda ka sallama tun bazara? Su a wane ƙyalle ka rubuta su? Ba ka da kunya, Malam, ko ta ƙwayar gero!"

Iyaye suka fara taruwa. Malam Tong ya yi murmushin yaƙe, ya juya wurin wani uba kamar an kira shi. Yuyan ta kama hannun rigar kakarta tana ja.

"Kaka, ya isa, mu tafi. Mutane na kallo."

"Su kalla, kyauta ne."

Ba a cire sunan ba. Ƙyallen ya kwana a wurin har ruwan sama ya wanke zinariyar. A ƙarshen watan Agusta Geng Sulan ta ɗauki hayar babur mai ƙafa uku, aka loda duro da katifa da tukwane da buhun littattafai, za su koma ɗakin da ta kama kusa da sabuwar makarantar. Direban ya ce hanya mafi sauƙi ta gaban tsohuwar makaranta take. Ta ce ya zaga ta bayan kasuwa ko da zai ƙara mata kuɗi. Ya zaga. Tun daga nan har bakin masana'antar siminti tana ba shi labarin Malam Tong da ƙarfi, tana riƙe da duro da hannu ɗaya, direban yana ta cewa "Ashsha" ba ya jin rabin abin da take faɗa saboda ƙarar injin.